Babi na Bakwai: Sifirin da Ba Shi da Mazauni

Matafiyin da ya taso daga Ashige, ya biyo hanyar Shendam ya fuskanci Lafia, kafin ya shiga cunkoson birnin zai ratsa Akurba, inda aka gina babbar tashar wutar lantarkin nan da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Fabrairun 2022. Idan kuwa ya tsaya ya tambayi ma'aikatan wurin ƙarfin wutar da manyan wayoyin suke ɗauke da ita, za su amsa masa nan take cewa bolt 330,000 ce, wadda ake sassautawa a taransifoma zuwa 132,000, sa'an nan zuwa 33,000, a yi ta rage ta daki-daki har ta iso ɗakin mutum tana 230 ko kusa da haka. Amsar ba ta da aibi, sai dai an haɗiye rabinta, domin adadin nan na 330,000 tazara ce tsakanin waya guda da 'yar'uwarta da ke rataye kusa da ita, kuma da za a auna tsakanin wannan wayar da doron ƙasa, abin da ma'auni zai nuna bai wuce kimanin 190,000 ba. Waya ɗaya ce, a sa'a ɗaya, ga kuma adadi biyu. Wanda ya nace sai an gaya masa adadin wayar ita kaɗai, ba tare da an jingina ta ga wani abu ba, ya yi tambayar da babu na'urar da za ta amsa masa.

Masu gyaran wuta sun san haka a aikace, ko da ba su taɓa mayar da shi mas'ala ba. Kurciya takan sauka a kan wayar da ke bin falwayoyin gefen hanya, mai ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, ta yi ta gyaran fiffike ba abin da ya same ta, saboda ƙafafunta biyu a kan matakin lantarki ɗaya suke. Jemage kuwa, da yake fukafukansa na da faɗi, sai ya haɗa waya biyu a lokaci guda, gari ya waye a same shi rataye a sanƙame. Bambancin mataki shi ke kisa. Don haka ne idan an ja wa gida wuta ake kafa sandar tagulla a ƙasa a ɗaura mata waya, aka kuma yi ittifaƙi a kira matakin ƙasa sifiri. Amma fa ittifaƙin mutane ne, domin da injiniyoyin duniya za su wayi gari su ce daga yau ƙasa tana kan bolt miliyan ɗaya, su kuma ƙara wannan miliyan a kan kowace waya da kowane batir, da babu ƙwan lantarki ɗaya da zai ƙara haske. Michael Faraday ya jarraba wannan da jikinsa a Landan a 1836, sa'ad da ya gina ɗaki mai ƙafa 12 ta kowace fuska, ya lulluɓe shi da waya da fallayen ƙarfe, ya sa aka cika shi da caji har tartsatsi na tashi daga bangonsa ta waje, sa'an nan ya shiga ciki da na'urorinsa mafiya saurin ji, bai ga ko ɗaya ta motsa ba.

A kan wannan ƙaramar gaskiya aka gina abin da masana fiziks suke kira nazariyyar geji, watau nazariyyar da a cikin lissafinta akwai wasu adadai da mutum yake da 'yancin sauyawa yadda ya ga dama ba tare da wani abin da ake iya aunawa ya sauya ba. Kuma uku daga cikin ƙarfi huɗu da aka sani a halitta, wato na lantarki da maganaɗisu, da mai rauni wanda ke sa wasu ƙwayoyin zarra su rikiɗe, da mai tsanani wanda ke ɗaure cibiyar zarra, duk a kan wannan tsari aka rubuta su. To, a nan hankali yake tsayawa ya yi tambaya: idan mafi ingancin bayanin da ɗan Adam ya samu game da halitta yana cike da adadan da ba su da mazauni, wane ɓangare na bayanin ne yake ba da labarin duniya, wane ne kuma yake ba da labarin alƙalamin mai rubutu kawai?

Malaman tauhidinmu ba baƙi ba ne ga irin wannan tambaya. Masu sharhi da hashiya a kan Ummul Barahini ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, littafin da aka daɗe ana karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato, sun kasa abubuwa kashi huɗu: maujudi, wanda yake samamme a waje, ma'adumi, wanda babu shi, hali, wanda wasu suka ce tsakatsaki ne tsakanin samuwa da rashi, mafi yawan Ash'arawa kuma suka ƙi shi, sai i'itibari, wanda hankali ne yake ƙulla shi. Shi ma i'itibarin suka raba shi biyu, akwai ƙagagge wanda ba shi da tushe ko kaɗan, kamar tekun zaiba da mutum zai sawwara a ransa, akwai kuma cirarre wanda hankali ya ciro shi daga wani abu tabbatacce. Ba sai an faɗa ba, aron da muke yi na wannan rabe-rabe a kan halittu fararru ne kaɗai, ba mu kusanci babin siffofin Ubangiji ba. Da an kawo wa waɗannan malamai matakin lantarki a ƙarshen ƙarni na 19, da sun ce i'itibari ne ba su yi dogon tunani ba, kuma da sun dace da manyan masana na lokacin. Domin ko da yake James Clerk Maxwell, a aikinsa na 1865 da babban littafinsa na 1873, ya ba mataki matsayi mai girma, yana ba kowane wuri a sarari adadi huɗu, ɗaya na lantarki uku na maganaɗisu, Oliver Heaviside a Ingila da Heinrich Hertz a Jamus sun sake rubuta dokokin a shekarun 1880 suka fitar da mataki daga cikinsu, suka bar filin lantarki da filin maganaɗisu kaɗai, bisa hujjar cewa su ne suke tura allura su ja ƙarfe.

Wanda ya dawo da mataki tsakiyar fage shi ne Hermann Weyl, yana koyarwa a Zurik, a 1918. Ya ga yadda lissafin nazariyyar Einstein ta 1915 ya nuna cewa ba a iya kwatanta fuskar kibiya a nan da fuskar kibiya a can sai an ɗauki ɗaya an kai ta wurin ɗayar, kuma sakamakon ya dogara ga hanyar da aka bi, sai ya ce me zai hana tsawo ma ya zama haka, kowane wuri da nasa ma'aunin. Da ya bi lissafin kuwa sai ga adadai huɗun nan na Maxwell sun fito da kansu a matsayin ƙa'idar kwatanta ma'aunin wuri da na maƙwabcinsa. Einstein ya yaba kyawun aikin, amma ya kawo masa raddi mai kaifi, wanda aka buga tare da maƙalar: idan haka ne, agogo biyu iri ɗaya da suka rabu suka bi hanyoyi daban-daban cikin filin lantarki, in sun sake haɗuwa ba za su buga daidai ba, kuma kowace zarra za ta riƙa fitar da haske gwargwadon tarihin yawonta, alhali kuwa abin da ake gani shi ne zarrar haidurojin, ko daga ina ta fito, launukan haskenta ɗaya ne. Nazariyyar ta faɗi. Sai bayan zuwan ilmin kwantam, wanda ya ba ilektiron a kowane wuri adadi biyu, girma da kusurwa, Vladimir Fock da Fritz London suka nuna hanya, Weyl kuma ya dawo a 1929 ya ce abin da ba shi da sifiri tabbatacce ita ce kusurwar nan, tsawo kuwa yana nan yadda aka san shi.

Akwai misali guda da yake sauƙaƙa wannan, wanda masana irin su Juan Maldacena suka yi amfani da shi, 'yan canjin Wapa a Kano kuma za su riga ɗalibin jami'a gane shi. Ranar 1 ga Janairun 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kobo, fam ɗaya ya zama naira biyu. A Yulin 2007 Gana ta yanke sifiri huɗu daga kuɗinta, sidi 10,000 ya zama sidi ɗaya. Babu wanda ya yi arziki ko ya talauce saboda sauyin suna kawai, da sharaɗin a gyara farashin canji a kan iyaka a rana guda. Kowace ƙasa tana da 'yancin sauya ma'auninta ba ta nemi izinin maƙwabciya ba, saboda haka adadin da ke rubuce a allon ɗan canji, shi kaɗai, ba ya gaya maka wace ƙasa ta fi wadata. Amma ɗan kasuwar da ya ɗauki naira a Kano ya mayar da ita sefa a Maraɗi, ya mayar da sefar sidi a Zangon Kumasi, ya komo Kano ya mayar da sidin naira, idan ya tarar abin hannunsa ya ƙaru da kashi biyu cikin ɗari, to wannan ƙari babu gwamnatin da za ta shafe shi ta hanyar sauya sunan kuɗi. Farashin canjin shi ne mataki, ribar zagayen ita ce fili. Hukuncin wannan ciniki a babin sarfu kuma mu bar wa malaman fiƙihu.

Littattafan koyarwa sukan gabatar da tunanin Weyl kamar burhani yankakke, su ce: mun wajabta wa kanmu 'yancin sauya kusurwa a kowane wuri daban, saboda haka dole filin lantarki ya samu. A ganina wannan ƙiyasi ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, domin 'yancin zaɓen ma'auni yana wajabta a sami allon canji ne kawai, bai wajabta a sami ribar zagaye ba. Ana iya sawwara duniyar da allunanta suka dace da juna sarai, ko'ina ka zaga ka komo da abin da ka fita da shi, ita kuwa duniya ce da babu haske a cikinta. Samuwar filin ja'izi ne a hankalce, gwaji ne ya tabbatar da shi. Amma duk da raunin ƙiyasin, 'ya'yan da ya haifa sun isa a yi mamaki. Emmy Noether ta riga ta nuna a Gotingen a 1918 cewa kowane irin wannan rashin sauyuwa yana tafe da wani adadi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, a nan kuwa shi ne caji. Chen Ning Yang da Robert Mills suka faɗaɗa tsarin a 1954 zuwa ma'aunin da ke da fuskoki da yawa. Sheldon Glashow da Steven Weinberg da Abdus Salam na Pakistan suka gina a kansa haɗin ƙarfin lantarki da ƙarfi mai rauni, suka sami kyautar Nobel a 1979. A 1983 kuma aka ga ƙwayoyin W da Z a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba, ɗaya ta fi furoton nauyi kusan sau 86, ɗayar kusan sau 97, daidai wurin da lissafi ya ce a duba. Abin da yake ƙagagge tsantsa ba a san shi da irin wannan albarka ba.

Shubuhar da ta fi girma ta zo a 1959 daga Jami'ar Biristol, inda David Bohm da ɗalibinsa Yakir Aharonov suka fito da wani sakamako da Werner Ehrenberg da Raymond Siday suka riga suka hango a 1949 ba a kula ba. A kulle filin maganaɗisu a cikin wani siririn bututu ta yadda ko ɗigonsa ba ya fita, a saki ilektiron ya ratsa ta dama da hagun bututun, inda filin yake sifiri a duk tsawon hanyar. Lissafi ya ce ratsi-ratsin haske da duhu da ilektironin suke zanawa a allo za su gusa gwargwadon maganaɗisun da ke kulle a ciki, wanda ba su taɓa shiga ba. Robert Chambers ya gwada a 1960 ya ga gusawar, masu shakka suka ce ai filin yoyo ya yi. Gardamar ba ta mutu ba sai a 1986, sa'ad da Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan suka ƙera zoben maganaɗisu da faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, suka lulluɓe shi da ƙarfen niyobiyam da aka sanyaya har ya zama katangar da maganaɗisu ba ya ƙetarewa, suka kuma ga ratsin ya gusa da rabin tazara. Mai karatu ya lura cewa abin da aka gani nan shi ne ainihin abin da Einstein ya kashe nazariyyar 1918 da shi, watau abu biyu su bi hanya biyu su haɗu da bambanci. A kan tsawo ƙarya ne, a kan kusurwa kuwa gaskiya ne.

Daga nan mazhabobi suka rabu. Wasu suka ce, tun da mataki ne kaɗai yake nan a inda ilektiron ya bi, to shi ne maujudi na haƙiƙa. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, amma kuɗinsa da tsada, domin mai shi dole ya yarda cewa a cikin adadai marasa iyaka da duk suke ba da sakamako ɗaya akwai guda da shi ne na gaskiya, wanda babu gwajin da zai taɓa bayyana shi. Kuma, kamar yadda Gordon Belot ya jaddada a 1998, dokokin ba sa ƙayyade yadda wannan matakin zai kasance gobe ko da an san yadda yake yau ciki da bai, sai ya zama mun sayo wa kanmu gaibu da hannunmu ba tare da wata bukata ba. Wasu suka tsaya a kan fili, suka karɓi cewa yana tasiri daga nesa ba tare da wasiɗa ba, abin da Faraday da Maxwell suka ƙare rayuwarsu suna gudu. Mazhaba ta uku, wadda Tai Tsun Wu da Yang suka share wa hanya a 1975, Richard Healey kuma ya kare ta a littafinsa na 2007, cewa ta yi abin da yake tabbatacce shi ne ribar zagayen kanta, siffa ce ta da'irar gaba ɗaya, ba ta zaune a wata gaɓa daga cikin gaɓoɓinta. A bututun Aharonov da Bohm, duk ƙaramin zagayen da ka yi a waje ba ka samun komai, sai ka kewaye bututun dungum sa'an nan ƙarin ya bayyana. Saboda haka ko da ka san halin kowane yanki na sararin dalla-dalla, ba ka san halin jimlarsu ba.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga ta ukun, amma da gyara, kuma gyaran yana cikin ɗakin Faraday. Gaskiya ne na ciki bai ji komai ba, amma tartsatsin da ke tashi tsakanin bangon ɗakin da abin da ke kewaye da shi ba i'itibari ba ne. Ƙarin da aka yi wa duniya duka magana ce kawai, ƙarin da aka yi wa yanki guda aka bar saura kuwa aukuwa ce da ake gani a kan iyaka. Hilary Greaves da David Wallace sun bi wannan hanya a 2014, a shekarar kuma Carlo Rovelli ya kawo hujjar cewa adadan da muke kira rara, idan muna duban abu shi kaɗai, su ne maɗaurin da yake haɗuwa da wani abu ta wurinsu, har in ka yanke su don tsabtace bayani sai ka rasa yadda za ka haɗa ilektiron da filin. Wannan ya sa nake ganin adadin mataki a wuri guda i'itibari ne cirarre, abin da aka ciro shi daga gare shi kuwa nisba ce tsakanin wuri da maƙwabcinsa. A nan ne tsohuwar jayayya take farkawa, domin mafi yawan mutakallimai sun ƙi ba nisba samuwa a waje, suna cewa da ta samu da ta bukaci mazauni, zamanta a mazaunin kuma wata nisba ce, haka har ba iyaka. Ibn Sina da sauran masu falsafa kuwa sun lissafa ta cikin aralai samammu. Zoben Tonomura bai yanke wannan hukunci ba, tun da mutakallimi yana iya cewa nisbar tabbatacciya ce a haƙiƙanin al'amari ko da ba a kira ta maujuda ba, saɓanin ya kusa zama na lafazi. Abin da ba na lafazi ba shi ne, duk wanda ya ɗauka cewa in an ƙididdige jauhari ɗaya-ɗaya da aralin da ke tsaye a jikin kowanne an gama ƙididdige duniya, to gwajin 1986 ya bar shi da bashi.

Mai tambaya zai ce, tun da an san rarar, me ya hana a zaɓi ma'auni guda a tsaya a kansa a huta? A lissafin lantarki ana yin haka kullum, sai dai kowane zaɓi da abin da yake ɓoyewa: ƙwayar haske fuskokin kaɗawa biyu kacal gare ta, amma in ana so dokar ta fito da sura ɗaya ga mai tsaye da mai gudu, ta kuma nuna a sarari cewa tasiri daga maƙwabci zuwa maƙwabci yake tafiya, sai an rubuta ta da adadi huɗu, biyu na gaske biyu na rakiya. A nazariyyar Yang da Mills abin ya fi haka wuya, domin Vladimir Gribov ya nuna a 1978 cewa ƙa'idar da aka saba tsayar da ma'auni da ita ba ta fitar da wakili guda ɗaya tak, Isadore Singer kuma ya nuna a shekarar cewa cikas ɗin daga surar lissafin kansa yake, ba daga rashin dabarar masu zaɓe ba.

Saura mas'ala guda da littattafan da ɗalibanmu ke karantawa suke wucewa da sauri. Sukan ce W da Z sun sami nauyinsu ne saboda daidaiton geji ya karye da kansa, bisa hanyar da Peter Higgs, da François Englert tare da Robert Brout, suka bayyana a 1964, wadda ganin ƙwayar Higgs a CERN ranar 4 ga Yulin 2012 ya ƙarfafa. Amma idan daidaiton nan 'yancin mai rubutu ne wajen zaɓen ma'auni, yaya za a yi ya karye, kuma yaya karyewar i'itibari za ta zama illar nauyin da ake aunawa? Shmuel Elitzur ya tabbatar a 1975 cewa daidaiton da ake sauyawa wuri-wuri ba ya karyewa da kansa ta wannan ma'ana; abin da ake gani kamar karyewa yana bayyana ne bayan an riga an tsayar da ma'auni da hannu. A 1980 da 1981 Jürg Fröhlich da Giovanni Morchio da Franco Strocchi suka sake rubuta lissafin ba tare da ambaton karyewa ba, suka nuna cewa abin da na'ura take kamawa haɗi ne na filin W da filin Higgs wanda sauyin ma'auni ba ya taɓawa, kuma nauyin wannan haɗin yana zuwa daidai da na lissafin da aka saba, ko kusa da shi ƙwarai, shi ya sa masu gwaji ba su taɓa jin ciwon kuskuren lafazin ba. Yadda filin Higgs ɗin yake cika sarari, da dalilin da ya sa ƙwayar haske kaɗai ta tsira ba nauyi a cikin 'yan'uwanta, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.